Burtalin Bayan Affala

Shekarar da aka turo ni Tawa aikin ungozoma daga Damagaram, ban san kowa a garin ba sai masu naƙuda da dangin da ke rako su. In na tashi aiki, ɗaki nake komawa in yi ta kallon bango. Wata abokiyar aiki ce ta gaji da ganina haka, ta ja ni gidan wani dattijo, tsohon malamin gona da ya ajiye aiki, inda ake taruwa kowace Asabar bayan la'asar. Baba muke ce masa dukanmu. Abin da ake yi a gidansa zanen taswira ne, irin wadda ke cikin waya, wadda kowa ke iya gyarawa in ya shiga. Aikin sa kai ne. Malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da ƴan ɗalibai, kowa da tsohuwar kwamfutarsa a cinya. Sai a buɗe hoton ƙasa da aka ɗauko daga sama, ka bi layi a hankali, ka ce wannan hanya ce, wannan rijiya, wannan makaranta.

Zana layi ba wuya. Wuyar tana wajen faɗin ajinsa. Kowace hanya sai an ce ko kwalta ce, ko ta jar ƙasa, ko ta mota tsakanin ƙauyuka, ko ta amalanke, ko turbar ƙafa. Kuma ajin nan ba ado ba ne, da shi wayar direba ke aiki. In ka ce hanyar mota ce, za ta tura shi can. In ka ce ta amalanke ce, sai ta kauce mata ta nemo masa wata, ko da ta fi nisa.

A kan ajin nan ake yin gardama, kuma Baba ba ya son a ɗaga hannu a ƙirga. Yakan ce, "In anka ɗaga hannuwa, wanda anka kada shi ka tahiya gida da abin ga rai, shi buɗe na'uratai shi sake layin. Gobe wani shi maida. Mi anka yi ke nan?" Saboda haka ya kafa tasa doka, da butar shayi. A kofi na farko a yi musu, a na biyu a ƙara. In ya zuba na uku, wanda ya yarda da abin da ake son yi ya ɗauka ya sha, wanda bai yarda ba ya bar nasa a kan faranti. Ko kofi ɗaya ya rage, ba a taɓa layin, yana nan yadda yake sai wata Asabar. Ranar da na fara gani dariya na yi, na ce mutanen nan na ƙasar Adar dai ba su rasa dalilin shan shayi.

Ni abin da ya riƙe ni a wurin ba son zane ba ne. Akwai wani ƙauye bayan Affala mai ɗan ɗakin shan magani, in haihuwa ta gagara can, mu ake kira mu aika mota. Direbobinmu kuwa kamar mu suke, yau an turo wani daga Doso, gobe an ɗauke shi an kawo wani daga Difa. Ba su san Adar ba, waya suke bi. Hanya biyu ce zuwa ƙauyen. Akwai ta jar ƙasa, mai zagaye har sai ranka ya ɓaci. Akwai kuma wata shimfiɗar yashi mai faɗi da ta ratsa tsakiyar gonaki ta miƙe sak. Na taɓa bin ta da rani, mota na wucewa lafiya lau, amma a taswira babu ita ko kaɗan. Na zana ta, na ce hanyar mota ce, na kawo gaban jama'a. Kowa ya sha kofinsa na uku. Na koma gida ranar ina jin na yi wani abu mai amfani, kuma har yanzu ban ce ban yi ba.

Mutum ɗaya ne ba ya nan a zaman, ya tafi gyaran jarrabawa. Malamin sakandare ne, dogo, mai rawani, ɗan arewacin Affala, Tamashek ne harshen gidansu amma Hausar Adar a bakinsa kamar ruwa. Mushe muke kiransa, yadda ake kiran malamai a nan. Muna wasa da shi sosai. Yakan ce mutanen Damagaram ko gaisuwa za su yi sai ka zaci faɗa ne, ni kuma in ce shi kafin ya gama jimla ɗaya na karɓi haihuwa biyu.

Watanni suka wuce. Wata Asabar gab da damina, ana zafin nan mai sa mutum ya tsani rigarsa, sai ga Mushe ya shigo. Gaisuwarsa gajera. Bai buɗe kwamfuta ba, wayarsa ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya nuna layina da yatsa.

"Wa yaz zana wagga?"

Na ce, "Ni ce. Lafiya?"

"Madam, wagga ba hanya ta ba. Burtali na."

Na ce masa na san burtali, ba daga wata duniya na zo ba, mu ma muna da fili irin wannan da ake bari tsakanin gonaki don garke ya wuce arewa in ruwa ya sauka, ya dawo bayan girbi. Amma mota na bi, jakuna na bi, kowa na bi. Shanun ba su karanta taswira, mene ne abin tayar da hankali?

Ya ce, "Shanu ba su karatu, amma manoma na yi. Hanyam mota hwaɗin mota guda taka so. Burtali hwaɗin garke shika so."

Daga nan ya ba mu labari, kuma ban taɓa jin ya yi magana da sauri haka ba. Wani manomi da gonarsa ke bakin burtalin ya dawo daga ci-rani da babbar waya. Ya buɗe taswira ya ga layina, mai kauri, an ce hanyar mota. Ya kai wa maigari ya ce ga shi, duniya duk ta shaida nan hanya ce, babu zancen burtali. Ya share filin har bakin sawun taya, ya kafa shingen ƙaya, yana jiran ruwa ya yi shuka. Maƙwabtansa sun zuba ido, in tasa ta wuce su ma za su matso. Yayan Mushe kuwa yana kudu wajen Kalfu da garken gidansu duka, har da shanun mahaifiyarsu, yana jiran ruwan farko ya taso. Ba shi da wata mashiga sai nan. In ya tarar da wurin ya tsuke, shanu za su faɗa gona, kuma duk wanda ke zaune a tabarmar nan ya san abin da ke biyo baya: sanduna tukuna, sannan takubba. Maigari ya ce zai zauna da dattawa ranar kasuwa ta sama, kuma ya ce a zo da wayar.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce taswirarmu ba doka ba ce, ba alƙali ba ce, in akwai rigimar fili a tafi wurin hukuma. Mushe ya ce hukuma tana gari, wayar kuwa tana aljihun mutumin. Na ce to ni ma ina da nawa mutanen. Na san yadda fuskar mace ke komawa in jini ya daɗe yana zuba, na san abin da ɗan jinkiri ke yi mata. Ba don nishaɗi na ja layin nan ba. Wani ɗalibi ya ce ai ana iya rubutawa a jikin layin cewa da rani kawai mota ke bi. Baba ya girgiza kai, ya ce rubutun nan mu kaɗai ke ganinsa, wayar direba ba ta kula shi, wayar manomin kuma za ta ci gaba da nuna layi mai kauri. Aka juya, aka juya, babu tsaka-tsaki. Ko dai hanyar mota, ko ba ita ba.

Baba ya zuba na uku, a kan a mayar da layin na amalanke. Hannuwa suka yi ta miƙewa, har da na abokiyar aikina da ta kawo ni gidan. Faranti ya koma da kofi ɗaya a kai, nawa. Na harɗe hannu ina kallon katanga. Mushe ya ɗauki wayarsa, ya yi wa Baba sallama, ya fita.

Abin da ya fi ci mini rai a makon nan shi ne, Mushe yana da ikon gyara layin daga ɗakinsa. Kowa na iya yi, ba makulli a jiki. Kullum da safe, kafin in wanke fuska, sai na buɗe waya na duba. Wallahi so nake in tarar ya saɓa doka ya canza, in samu bakin faɗa, in mayar da abina da hujja. Bai taɓa ba. Layin yana nan da kaurinsa, kullum, kuma gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Aka ce an yi yayyafi wajen Bambeye.

Tsakiyar mako Baba ya zo wurin aikina, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bencin da mazan masu naƙuda ke zama, sai da na samu sarari na fito. Bai roƙe ni ba. Ya ce ya yi tunani, ana iya zana burtalin a matsayin fili, da faɗinsa duka daga gona zuwa gona, a rubuta masa suna burtali, sannan a bar ɗan siririn layin amalanke a tsakiya.

Na ce, "To Baba, in an yi haka, waya za ta tura direba can?"

Ya ce, "A'a ɗiyata. Ba ta turawa. Ba ni yi miki ƙarya."

Na ce ashe dai maganar ɗaya ce, an sa mata sabuwar riga. Ya ce haka ne, ya tashi ya kama sandarsa.

Washegari aiki ya kai ni ƙauyen, kai magunguna. Na ce wa direba mu bi ta yashi. Muna shiga na ga shingen, ƙayar ɗanya shakaf, ganyenta bai ma gama bushewa ba. Ya cinye kusan duk faɗin filin daga ɓangarensa. Mai gonar yana wurin da gatari yana ƙara rassa. Da ya ga motar asibiti ya taso da fara'a, ya leƙo ta taga.

"Madam likita! An ce ke kinka yi muna hanya cikin waya. Allah shi saka da alheri."

Na ce, "Malam, don matanku na zana ta, ba don gatarinka ba."

Ya yi dariya, ko a jikinsa. "Ai ban taɓa hanyakku ba. Duba, na bam ma mota wurinta. Ko babba ta, tana wucewa."

Gaskiya ya faɗa. Ya bar faɗin mota ɗaya cif, har da ɗan ƙari don madubi. Muka wuce ƙaya na kartar ƙofa ta gefena. Na yi ƙoƙarin hango shanu masu ƙaho suna turereniya a wannan ɗan tsukin, da mutum ɗaya a bayansu da sanda, da matasan ƙauye a tsaye bayan shinge. Ba mugun mutum ba ne manomin nan, na karɓi haihuwar matar ƙanensa, na ga yadda ya yi ta zirga-zirga da kwanon abinci. Gonarsa ce ta gaji, ya ga fili, ya ga kuma abin da zai nuna. Amma haushinsa na ji har muka iso, na kuma haɗa da na Mushe, da na Baba da shayinsa.

Asabar ta zo, kasuwar kuwa washegari ce. Iska ta taso tun azahar, muka shige zaure da kwamfutocinmu. Ba wanda ya buɗe tasa. Mushe ya zo a makare, idanunsa ja. Ya ce yayansa ya kira, ruwa ya sauka a kudu, manoman can sun fara shuka, dole ya tayar da garken. Suna hanya. Daga nan ya sunkuyar da kai, ko kallona bai yi ba.

Kofi na farko ya wuce shiru. Na biyu ma haka. Abin ya ishe ni, na ce in ba wanda zai yi magana ni zan yi. Na ce ina so kowa a zauren nan ya ji abin da ake nema a wurina, kada gobe a ce gyaran layi kawai aka yi. Ana nema in yarda wata rana mota ta yi zagaye da mace a ciki. Ba ni zan kasance a motar kullum ba balle in nuna hanya. Ranar da abin zai faru, ku kuna gida, ni ce zan tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "In na sha, ba don kun fi ni gaskiya ba ne."

Sai a lokacin Mushe ya ɗago. Ya ce, "Na sani, Madam. Ba mu hi ki gaskiya ba. Ranata dai ta riga taki isowa."

Baba ya zuba na uku. Kowa ya ɗauka, nawa ya rage. Na zauna ina kallonsa har kumfar ta kwanta, har ya daina tururi. Ruwa ya fara buga kwanon rufi. Ba wanda ya ce mini hanzarta, da an ce da na tashi na tafi. Na ɗauka na shanye. Kofi na uku shi ne mai zaƙi, amma ni sanyinsa kawai na ji.

Dokar Baba tana da wutsiya: wanda ya zana shi ke gyarawa. Aka turo mini kwamfuta. Da hannuna na rage wa layina aji, da hannuna na shata filin daga gona zuwa gona yadda tsohon hoton ya nuna kafin shinge, na rubuta burtali. Na rufe, na fita cikin ruwan ban jira ya tsagaita ba.

Ban je zaman maigari ba. An ce da aka buɗe wayar, mai gonar ya yi ta jujjuya ta yana cewa an yi masa sihiri. Dattawa suka faɗi abin da suka sani tun kakanni, wanda da ma sun sani, bakin faɗa ne suka rasa a gaban waya. Aka sa ya janye ƙayarsa. Bayan ƴan kwanaki garken ya wuce, ba a fasa kan kowa ba, ba a taka shukar kowa ba. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Muka koma wasanmu da Mushe, ko da yake ya rage tsokanata.

Tsakiyar damina, wata rana da azahar, aka kira daga ƙauyen. Mace ce ta kwana tana naƙuda, ga jini. Ni kaɗai ce babba a bakin aiki, da wasu mata biyu a kan gado, ba halin in bi mota. Direban sabo ne, bai yi wata a Tawa ba. Na tsaya a tagarsa na kwatanta masa: bayan Affala, in ka wuce rijiya, akwai fili mai yashi a hannun hagu, ka shiga, ka miƙe. Ya duba wayarsa ya ce, "Madam, nan ba ta nuna hanyar mota ba. In na kafe a ciki, ni za a tambaya." Na ce ni na zana abin da kake kallo, ka ji maganata. Ya ce to, irin to ɗin da na san ma'anarsa. Ya tafi ta jar ƙasa, ya dawo ta jar ƙasa. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ya bi.

Na sallami matan nan biyu lafiya, na fito bakin ƙofa. In kira direban, layi ba ya shiga. In koma ciki in duba kayan aiki da na riga na duba, in sake fitowa. Aka kira la'asar ina tsaye. Da motar ta shigo, tun kafin a buɗe baya na ga fuskar tsohuwar da ta rako ta, na san sauran.

Uwar ta rayu. Mun sha wuya a kanta, amma ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Ko da an bi ta yashi zai rayu? Na juya tambayar nan ta kowace fuska. Wataƙila tun kafin a kira mu ya tafi. Wataƙila motar ta kafe a burtalin, a rasa duka biyun. Ban sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani ƙarya yake.

Kwana biyu bayan haka sai ga Mushe a wurin aikina, da ƙunshi a hannu, yana murmushi. Bai ji komai ba. Ya ce yayansa ya isa arewa, ciyawa ta yi kyau, shanu sun yi nono, ya aiko mini da cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, ya ce a ba matar da ta sha shayi. Na karɓa. Na so in yi shiru in bar shi da murnarsa, amma ni ba haka aka yi ni ba, kuma na riga na faɗa a zaure cewa ranar za ta zo. Na gaya masa duka, a tsaye, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya nemi benci bai kai ba, ya tsuguna a ƙasa, ya ja rawaninsa ya rufe baki. Can ya ce, "Madam, in kina so, Assabar mu maida ta. Ni ka hwara sha."

Na ce, "Garken zai dawo bayan girbi ko ba zai dawo ba?"

Ya ce zai dawo.

Na ce, "To tashi ka tafi, kana tare wa mutane hanya."

Cukun ban iya ci ba. Na shiga da shi ɗakin da matar ke kwance, fuskarta na kallon bango. Na miƙa wa tsohuwar, na ce a riƙa daka mata a kunu, zai taimaka mata ta mayar da jiki. Tsohuwar ta buɗe ƙunshin, ta shinshina, ta ce wannan na arewa ne, mai kyau, wa ya aiko? Na ce wani makiyayi ne da ya bi ta bayan garinku. Ta ce Allah ya tsare masa dabbobinsa, na ce amin.